Zuwa ga kannena masu shirin tafiya Saudiyya neman aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kannena na nan Gombe.

Sati uku kenan da na zo hutu, kuma tun da na sauka kusan kullum in na fito majalisa a Jekadafari bayan isha'i sai wani yaro ya ja ni gefe yace Yaya dan Allah nima ka sama min hanya. Wani ma da fasfo a aljihu yake zuwa. Jiya kuwa wani da na sani tun yana rataye da allo ya gaya min ya riga ya sa keken napep dinsa a kasuwa zai cika ma ejan kudi, wallahi na kasa bacci, shi ne nace bari in zauna in rubuta abin da na sani ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni ba zan ce kar kowa ya tafi ba. Nima tafiyar nayi, shekara biyar kenan ina tukin motar raba kaya a Riyad, kuma alhamdulillahi da ita na biya bashi na aurar da kanwata. Amma abin da kuke gani a jikina yanzu ba shi na gani ba a shekarar farko, kuma ita shekarar farkon ce ba wanda yake baku labarinta.

Ranar da na isa aka kai ni wani daki mu shida, biyu 'yan Bangaladash, daya dan Pakistan, biyu 'yan Sudan sai ni, gado bisa gado, bandaki daya. Na tafi da karfin gwiwa don nayi islamiyya na dan taba nahawu, ashe larabcin littafi daban na bakin titi daban, mudir, wato manajan wurin aiki, zai yi magana da sauri kamar ana korarsa in tsaya ina kallonsa, shi kuma ya dauka raini ne. Sai da nayi wajen wata hudu ina rubuta kalmomi a dan littafi ina tambayar 'yan Sudan din nan da dare kafin kunnena ya bude. Zafi kuma kar kace ai mun saba da na Gombe a watan Afrilu, can a Yuli yana haura digiri 45, iskar kanta kamar daga bakin tanda take fitowa, shi yasa ma hukuma ta hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na yamma tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Disamba ta zo kuma sanyin dare ya shiga kashi. Duk wannan jiki yana sabawa. Abin da ya fi ci min rai kadaici ne, ka wuni ba wanda ya kira sunanka daidai, ba wanda ya tambaye ka ya gida ya mutanen gida, ka dawo ka ci kubuz da ful ka kwanta kana tuna tuwon masara da miyar kuka na Inna. Na sha yin kuka a cikin mota ni kadai kuma ban ga abin kunya a ciki ba, ina fada ne don in ya same ka kar ka dauka kai kadai ne ko wani abu ya lalace a kanka. Ka rike sallar jam'i, ka nemi masallacin unguwa su san fuskarka, ka kira gida ko da sau biyu ne a sati.

Toh bari in zo kan takarda, don a can takardarka ita ce kai.

Kafin ka ba ejan ko sisi ka tambaye shi wace sana'a aka rubuta a bizar, kuma ya nuna maka da idonka. Wannan ba karamar tambaya bace. A watan Maris 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wato daure ma'aikaci a karkashin kafili, mai aikin da ya dauko shi, ma'aikacin kamfani yana iya canja wurin aiki bisa wasu sharudda, yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher, amma sassaucin bai hada da masu aikin gida ba, da direban gida, da mai lambu, da makiyayi. Kenan mutum biyu duk direbobi ne, daya na kamfani daya na gida, amma dokar da take kansu ba daya bace. Yara nawa aka cewa kamfani za su, suka sauka suka ga gidan mutum ne, ko ma can cikin sahara wajen rakuma. Kwantiragin kamfani ana ganinsa a shafin gwamnati na Qiwa, na masu aikin gida ta shafin Musaned yake bi, in ejan ya fara kame-kame da ka ambaci wadannan to ka rike kudinka. Kuma ka tambaye shi lasisinsa na ma'aikatar kwadago ta tarayya, don ba kowa aka yarda ya dauki mutane aiki zuwa waje ba.

Sai abin da suke kira firi biza, wai kaje kayi aikin da ka ga dama kana ba kafili wani abu duk wata. A dokar kasar babu wani abu mai wannan suna. Duk ranar da aka kama ka kana aiki a wajen wanda ba shi bane a igamarka, wato katin izinin zamanka a kasar, kai ne mai laifi, shi kafilin da ka ke biya ko waya ba zai dauka ba. Haka bizar umara, ta ibada ce, ba a aiki da ita, wanda ya ce maka kaje da ita ka zauna daga baya a gyara, ba mai kaunarka bane ko da kuwa dan uwanka ne.

Igama kuma hakkin mai aiki ne ya fitar maka cikin kwana 90 da shigarka, kudinta a kansa yake ba a kanka ba. Fasfo naka ne, doka bata bashi ikon rike maka ba, duk da da yawa suna yi. Ka dauki hoton fasfo da biza da kwantiragi ka tura wa mutum daya amintacce a gida tun kafin ka hau jirgi.

Yanzu ga wanda nake so ku ji da kunnen basira, maganar gudu. Za a iya zaluntarka, ba na boye maka. Ni kaina inda na fara aiki sai da aka rike min albashin wata uku, kullum bukra, wato gobe, in sha Allah, ga masu bashi a gida suna zuwa wajen mahaifina. A lokacin nan mutane nawa suka ce min kai ka tsallake ka taho Jidda, akwai 'yan uwa Takari za su rufa maka asiri, aiki na nan birjik. Wallahi saura kadan in tafi. Wani dattijo dan Sudan ne ya rike hannuna yace in ka fita kofar nan ba tare da izini ba kafili zai buga maka hurub, wato ya kai rahoton ka gudu, daga ranar kai ba ma'aikaci bane, mai laifi ne. Shi ya nuna min lambar ma'aikatar kwadago, 19911, ya koya min yadda ake shigar da kara a fara da zaman sulhu kafin a kai kotun ma'aikata. Abin ya dau lokaci, na sha zirga-zirga, amma kudina sun fito kuma daga baya na koma wani kamfanin da takardata lafiya lau.

Akwai wani yaro dan wajen Azare da muka shiga jirgi daya, shi bai jure ba ya gudu a wata na biyu. Shekara uku yana boye-boye, ba asibitin kirki, ba asusun banki, in ya ga motar 'yan sanda sai ya canja layi, wanda ya ga dama ya sa shi aiki ya hana shi kudi don ya san ba inda zai kai kara. Mahaifiyarsa ta rasu yana can bai samu zuwa ba. Karshe a wani samame aka kwashe su zuwa tarhil, wato gidan tsare wadanda za a kora, na Shumaisi tsakanin Jidda da Makka, aka dau zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi da kayan jikinsa kawai. Har yanzu in muka yi waya cewa yake da ya sani da ya kara hakurin wata biyu. Ban ce ka zauna ana dukanka ko ana barazana ga ranka ba, in abin ya kai haka ka nufi 'yan sanda ko ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko karamin ofishinmu na Jidda, ka fita ta kofa dai, kar ka haura katanga.

Sai kudi, kuma anan ne gida yake shigowa. Riyal daure yake da dala, 3.75 a dala daya, a 2024 da dala ta haura naira 1,500 riyal daya ya kai wajen naira 400. Shi ne yaro zai ji ance albashi riyal 1,500 ya buga a waya ya ga naira 600,000 kansa ya dau zafi. Baya lissafa cewa can da riyal zai ci abinci, da riyal zai sayi kati, ga haraji na kashi 15 a kan kusan duk abin da ka saya tun 2020. Ga bashin da ka ciwo ko gonar da aka jinginar a Kumo don tafiyarka. Wannan bashin shi ne farko, kafin waya sabuwa, kafin agogo, kafin komai.

Amma ba lissafin bane ya fi karya mutane, karya ce. Ka isa sati biyu ka tsaya jikin motar kafili da jallabiya fara ka dau hoto ka sa a Facebook, kana so abokai su ce ka haye. Toh ai gida ma sun gani. Daga ranar nan kowane suna, kowane biki, takin damina, kudin makarantar 'ya'yan kawu, duk kai ne, kuma ba za ka iya cewa babu ba tunda kai ka nuna akwai, sai ka fara cin bashi a can don ka rufe bakin nan, sai ka fara neman aikin bayan fage wanda zai jefa ka a matsala. Na ga mutum ya shekara bakwai ya dawo ko fili bai mallaka ba, ba shaye-shaye yake ba ba caca ba, kunyar fadin gaskiya ce kawai ta cinye shi. Dan Allah ka zaunar da Baba da Inna ka gaya musu ainihin abin da kake dauka da abin da zaka iya turowa duk wata, iyaye suna fahimta fiye da yadda muke zato, ni da na gaya wa mahaifiyata halin da nake ciki cewa tayi ka fara biyan mutane hakkinsu mu Allah ba zai hana mu abinci ba. Ku kuma 'yan uwa na gida ku ji tsoron Allah, wanda yake can ba a bishiya yake tsinko riyal ba. In za ka yi gini ka sa komai a rubuce da shaidu, a dinga turo maka hoto da rasit, wannan ba rashin yarda bane, zumuncin ake karewa.

Masu zuwa tuki, can ba a ba dan sanda na goro a wuce. Kyamarar Saher ce take daukar ka, tsallake jar danja tarar riyal 3,000 ce zuwa 6,000, albashin wata biyu ko fiye ya tafi a dakika daya. Waya a hannu ma tara ce. Kuma kar ka dinga daukar mutane bidiyo kana watsawa, kar ka tsoma baki a siyasar kasar a intanet, abin da muke yi anan mu kwana lafiya can yana kai mutum kurkuku.

Sako a filin jirgi kuwa ko na waye kar ka karba in baka bude ka gani ba. Hukuncin safarar kwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Kun tuna dalibar nan ta wata jami'a a Kano da aka kama a Madina a Disamba 2018 saboda jakar da aka makala wa sunanta bata san da ita ba, sai karshen Afrilu 2019 aka sake ta bayan gwamnati ta shiga maganar. Ita Allah ya kubutar da ita, ba kowa ne labarinsa yake fitowa duniya ta ji ba.

Na san da yawa abin da yake jan zuciyarku Ka'aba ce, kuma niyya ce mai kyau. Umara da igamarka ba wuya, ka yi rajista a manhajar Nusuk ka hau mota daga Riyad kusan kilomita 900 ka je ka dawo. Hajji kuwa sai da izini. A hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin dari basu da izinin, basu da tanti basu da mota. A 2025 tarar ta kai riyal 20,000 da kora da hana shiga kasar shekara 10. Ka tara kudinka kayi ta hanya, ni sai a shekarata ta hudu Allah ya nufa.

Kannena mata, naku ya fi nauyi don aikin gida a bayan kofa yake ba mai ganinki. Kar ki bi hajiyar da tace zata kai ki ki biya a hankali kuma ta rike fasfonki, wannan shi ne abin da NAPTIP, hukumar yaki da safarar mutane, take yaki da shi tun 2003. Ki tabbata iyayenki sun san sunan ofishin da ya dauke ki a nan da na can, da garin da za a kai ki, kuma ki haddace lambar waya biyu a ka don ranar da za a karbe miki wayar.

Shi yaron mai napep na aika masa dazu nace ya dakata da cinikin tukuna, gobe bayan la'asar ya zo min da duk takardar da ejan ya bashi mu karanta tare layi-layi. Duk wanda yake da irinta a hannu shima ya zo, ina nan majalisar har karshen wata kafin in koma.