Ka rubuta tun harshe yana motsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole. Wata ranar Alhamis, kasuwa tana tsakar ci, ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago. Hawan jini ne. Ya farfaɗo a asibiti, amma ɓarin jiki ya shanye, harshe ya karye. Wata goma sha huɗu ya yi kwance a gidansa na Birni, yana ganinmu, yana jin duk abin da muke faɗi, ba ya iya mayar da ko kalma ɗaya. In aka yi zancen shago sai hawaye.

Kawu ba matalauci ba ne, amma sai da aka yi karo-karo a dangi aka sayi magani. Kuɗinsa suna banki, ba wanda ya bai wa izinin taɓawa. Littafin bashinsa yana cikin kansa. Wani ya taso daga Kano ya ce yana bin sa kuɗin dila uku, ba takarda, ba shaida, mu kuwa ba mu iya cewa ƙarya yake ba. Wani dattijo kuma ya yi sallama da magariba ya ajiye kuɗi jika ɗari huɗu, ya ce ajiyar Alhaji ce da ke hannunsa tun bara. Ko matan gidan ba su san da ita ba. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da Aljanna. Har yau ina tambayar kaina mutum nawa ne irinsa da suka ji labarin ciwon suka yi shiru.

Mu a nan Damagaram, in ka ce wa babba ya rubuta wasiyya, sai ya ɓata rai, ya ce kana yi masa fatan mutuwa. To ga abin da Manzon Allah (SAW) ya ce a hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba, face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ɗan Umar ya ce tun da ya ji wannan magana bai ƙara kwana ɗaya ba tare da wasiyyarsa ba, kuma ya rayu shekaru masu yawa bayan haka.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta Allah ya ce kada mu ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. A cikinta kuma akwai wurin da muke wucewa da sauri in muna tilawa: idan wanda bashin ke kansa mai raunin hankali ne, ko mai rauni, ko ba ya iya yin shifta da kansa, to waliyyinsa ya yi shiftar da adalci. Wato shari'a ta san akwai halin da mutum yana numfashi amma wani ne zai yi magana a madadinsa. Shanyewar jiki, gigin tsufa, haɗarin mota a hanyar Tanut ko ta Magarya, ɗan ci-rani da ya shiga Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Waye zai tsaya maka a ranar? In ba ka zaɓa da bakinka ba, wanda ya fi kowa ƙarfin murya a gidan shi zai zaɓi kansa.

Saboda haka tun kana da lafiya ka kira wanda ka yarda da amanarsa, ɗa ne, ƙane ne, ko matarka ce in ita ta fi sanin harkarka (sau da yawa ita ce, girman kai ne ke hana mu faɗi). Ka wakilta shi a gaban shaidu biyu adilai, a rubuta iyakar abin da ka ba shi: cire kuɗin magani da na cefane, karɓar haya, biyan bashi. In akwai asusun banki, ka je da ƙafarka ka cika musu takardar wakilci irin wadda suke karɓa. Ka sani kuma wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta. Daga lokacin da rai ya fita, dukiya ta zama ta magada, wanda ya ci gaba da cire kuɗi da tsohuwar takarda ko da lambar sirrin wayar mamaci, haƙƙin marayu yake taɓawa, kuma mun san abin da aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu suna zubawa a cikkunansu.

Wasiyya kuma ba rabon gado ba ce, a nan mutane ke ruɗewa. Gado Allah ya raba shi da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Matan aure suna da tumuni (ɗaya cikin takwas) in akwai 'ya'ya, rubu'i (ɗaya cikin huɗu) in babu. Uwa tana da sudusi (ɗaya cikin shida) in mamacin ya bar ɗa. Namiji yana da rabon mata biyu. Ba ruwan alƙalaminka a nan, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Abin da aka bar maka shi ne sulusi, wato ɗaya cikin uku. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka, yana da 'ya ɗaya tak a lokacin, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Annabi (SAW) ya hana. Ya ce rabi, ya hana. Ya ce sulusi, sai ya ce masa sulusi, sulusin ma da yawa, ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna roƙon mutane. In an yi maka sutura, an biya bashi, miliyan 3 ta rage, to iyakarka miliyan 1.

Wannan sulusin ni a ganina jikoki marayu suka fi cancanta da shi. Ɗanka ya riga ka rasuwa ya bar yara a gidanka, kai ke ci da su. Ranar da ka bi shi, baffanninsu sun tare su, ba su da ko taku ɗaya a gidan. Layi biyu a takarda sun isa su ba su ɗaki. Haka agolan da ka rena, haka 'yar riƙo, haka almajirin da ya tsufa yana yi maka hidima.

Sai zancen “ai na ba wane gidan Sabon Gari”. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino ma'aunin wasaƙi ashirin daga gonarsa, ba ta riga ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya ce mata da kin girbe kin ɗauka da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce. 'Yar Abubakar ke nan, matar Annabi. Kai kuma da za ka yi kyautar, ka tuna mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir da ya fifita ɗa guda, Annabi (SAW) ya ƙi yi masa shaida, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku.

Gona ita ta fi raba zumunci a ƙasar nan. Wadda ka ba da aro, wadda ka karɓa jingina, wadda ka saya a gaban mai gari aka yi fatiha aka watse, shaidun duk sun tsufa. Tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin filaye da ake kira Cofo, kuma suna ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro da jingina. Je ka karɓa. Fili na cikin gari kuma a duba sunan wa ke kan takardarsa, don da yawa har yanzu sunan mai shi na farko ne. Ka kuma ware kayan matanka a rubuce: tumakin da ta saya da kuɗin adashi, zinarinta da ka karɓa ka ƙara jari, ragowar sadakin da ba ka cika ba. Waɗannan haƙƙinta ne, wanda ke kanka kuwa bashi ne, kafin gado ake fitar da su, kuma hadisin Tirmizi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Hajiya, ke ma da ke nake. Kuɗin adashin mutum goma sha biyu yana hannunki, wa ya san wadda ta kwasa da wadda ba ta kwasa ba?

Ba sai da faransanci ba. Littafin 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, shaidu su sa hannu, a ajiye ɗaya wurin limamin unguwa ko wani amini. Mai dukiya da yawa ya kai wa notar, wato jami'in tabbatar da takardu, ya buga hatimi. In ciniki ya canza a sake rubutawa, wasiyya ana iya warware ta muddin mai ita yana raye da hankalinsa.

Kawu ya rasu shekara biyu ke nan. An yi zaman dangi, an je fada gaban alƙali, an kai maganar kotu. Mutumin Kano an biya shi bayan ya rantse. Gonar hanyar Mirya kuwa, wadda wasu ke cewa jingina ce wasu ke cewa saye ne, damina biyu ba wanda ya sa mata iri, kuma 'ya'yan ɗakin farko da na ɗakin biyu ko a sallar Idi ba sa tsayawa sahu ɗaya. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa, ya sauke masa nauyin da bai samu bakin faɗi ba.