Masu gadin bakin iyaka su ma suna da iyaye

Ranar Litinin da ta wuce na shiga wani ofishin harkokin sojoji a nan Damagaram da buƙata guda, wato a isar wa ƙanena saƙo ta rediyon soja cewa mahaifinmu ya rasu. Ƙanena soja ne a wani sansani can arewa da Dirku, inda wayar salula ba ta kamawa, kuma tun da aka kai shi, matarsa a bakin direbobin manyan motoci masu dawowa daga Kawar take jin labarinsa. Mun riga mun yi jana'iza. Abin da muke so kawai shi ne ya ji mutuwar ubansa daga gida, kada ya tsince ta a bakin matafiyi.

Na yi sallama, wanda ke zaune bayan tebur bai amsa ba, idonsa yana kan waya. Yaro ne wanda a haife na haife shi, amma na ce, "Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi mana." Na jira ya ce Allah ya jiƙan rai, kamar yadda kowane ɗan Musulmi yake faɗa ko ga wanda bai sani ba. Sai ya ce, "To, sai aka yi yaya?" Na ajiye takardar rasuwa da lambar aikin ƙanena a gabansa, ya tura su gefe da bakin alƙalami, ya ce mai sa hannu ba ya nan. Na tambayi lokacin da zai dawo. A nan ne ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Baba, wanda ya sa kaki ya san abin da ya saya. In duk wanda aka yi wa mutuwa sai mun buga masa, yaushe za mu yi aiki? Ka dawo wani sati." Ya kira na bayana tun ban kwashe takarduna ba, kuma na bayan nan mace ce da goyo, takardunta a ƙulle cikin leda, da gani ka san ba zuwanta na farko ba ne.

Wane aiki ne ya fi wannan a ofishin da aka buɗe domin sojoji? Wanda yake zaune ƙarƙashin fanka a cikin gari, ya san cewa barcin da yake yi lafiya daga wuyan masu shan ruwan zartsi a tsakiyar rairayi yake fitowa?

Laifin ya wuce kan yaron nan, domin abin da ya tarar manya suna yi ne ya koya. Tun shekarun 1930 da Faransa ta gina ganuwar Madama kusa da iyakar Libiya ake ajiye mutane a waɗannan wurare a manta da su, kuma duk gwamnatin da ta zo, ta farar hula ko ta soja, haka ta bar abin. A Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a sansanin Inates, a Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar, aka sassauto da tuta, aka yi makoki, sannan iyalansu suka shiga bin ofis-ofis da takardu. Sojojin Faransa sun fita daga Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, muka cika filaye muna murnar ƴancin kai, alhali nauyin ƴancin nan gaba ɗaya a kan yaran da ke kwana a waɗannan sansanoni ya sauka.

Kada kowa ya ce mana nisa ne ya hana. Nisa bai hana a jawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar da aka buɗe kusa da mu a 2011 ba, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma bai hana a shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 har bakin teku a Benin ba. Ƙasar da ta iya wannan tana iya kafa eriya inda sojanta yake, tana iya kai masa ruwa mai daɗi, tana iya canza shi a kan lokaci ya zo ya ga ƴaƴansa. Malamin makaranta a Tasker da ma'aikacin lafiya a Bilma duk wannan baƙin ciki suke haɗiya, domin tun da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, duk abin da ya yi nisa da Yamai ana ganinsa kamar ɗan kishiya. Mu kanmu jama'a muna yi wa soja kirari a taro, amma matarsa tana maƙwabtaka da mu, ba mu taɓa tambayar ko an ɗora tukunya a gidanta ba.

Ina kira ga hukumomin tsaro da su ware wuri a kowane bariki domin iyalan waɗanda aka tura bakin iyaka, a sa dattijo mai kunya a kansa, a kuma kafa doka cewa saƙon rasuwa ko na ciwo mai tsanani ya isa sansani a ranar da aka kawo shi, ko mai sa hannu yana nan ko ba ya nan.