Haske zai kai har ina?

Masu cewa ɓata kuɗi ne a yi wa kare maganin sankarar furostet (wani ƙululu da maza ke da shi a ƙasan mafitsara) da haske, ku dakata. Kare na cikin 'yan tsirarun dabbobin da wannan cuta ke kamawa haka kawai, kamar mutum, shi ya sa masu bincike ke damuwa da shi. Ana yi masa allurar wani magani, sannan a soka siririn zaren haske cikin ƙululun da ke ƙasan mafitsara. Da hasken ya taɓa maganin sai maganin ya kashe ƙwayoyin sankarar, ya toshe jijiyoyin jinin da ke ciyar da su.

Damuwata ɗaya ce: hasken ba ya ratsa tsoka da nisa, ga shi a karnuka sau da yawa kafin a gano cutar ta riga ta bazu zuwa huhu ko ƙashi. To a nan fa?