Ranar da Safar Kifi Ta Halarci Gaisuwar Aure

Waɗanda suka taɓa zuwa gidana a Kubwa sun san tankin gilashin nan na falo. Lita 300, ruwan gishiri, murjani mai rai, da 'yan kifayen teku da aka kawo mini daga Legas a cikin leda. E, Abuja babu teku, an sha gaya mini. Ruwan ma haɗa shi nake yi, ruwa ne da aka tace tas, a zuba masa gishiri na musamman, wajen giram 35 a kowace lita. Ba gishirin miya ba ne, Yaya, na riga na amsa miki wannan.

Baƙi suna ganin ruwa garau su ce tubarkalla, ba su san cewa duk ƙazantar tana cikin kabad ɗin da tankin ke zaune a kai ba. Ruwa yana gangarowa ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki a ƙasa, ya bi ta cikin wata doguwar farar jaka mai kauri da muke ce wa safa. Kafofinta maikiron 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, don haka kashin kifi da ragowar abinci da ƙurar hunturun da ke sauka kan ruwan duk nan suke maƙalewa. Bayan kwana biyu ko uku dole a cire ta a sa wata, in ba haka ba dattin ya ruɓe a ciki, ruwa ya ci gaba da bi ta kansa, gansakuka ta mamaye murjanin. Kusa da safar akwai sikima, injin da ke kaɗa ruwan da ƙananan kumfar iska, datti ya manne wa kumfar, ta hau da shi sama ta zube a wani kofi. Abin da ke taruwa a kofin nan, Allah ya raba hancinku da shi. Doka ɗaya na kafa a gidan: safa ba ta haɗuwa da sabulu. Ruwa zalla ake wanke ta da shi.

To, Asabar ɗin da dangin yaron da ke nema za su kawo gaisuwar auren 'yar wajen Yaya, uwargida ta ta da gidan da shara tun asuba. Ɗan ƙanwarta mai bautar ƙasa ya tarar da safofina a bokiti a bayan gida suna jiran wanki. Ya ji warinsu, ya jiƙa su da omo, ya dirje su, ya ƙara da ruwan ƙamshin nan da ake sa wa kaya. Da yake yaro ne mai himma, ya buɗe kabad, ya cire ta ciki, ya saka sabuwa fes. Ni ina kasuwar Wuse sayen goro da alewa.

Bayan la'asar baƙi suka iso, mota biyu. Dattawa suka zazzauna a kan kafet, aka bar wa Kawu kujerar da ke jikin taga saboda gwiwarsa. Babban dattijonsu, wan uban yaron, ya zaɓi ya jingina da kabad ɗin tankin, wai yana son sanyin wurin. Farar babbar riga ce a jikinsa, shadda mai maiƙo, da gani daga wajen mai bugu aka karɓo ta a ranar.

An gaisa, an tambayi hanya, an tambayi mutanen Zariya. Dattijon ya gyara murya ya fara bayanin abin da ya kawo su, sai na ji wani ɗan sauti daga bayansa, ɓul, ɓul, ɓul. Na san muryar kowane inji a kabad ɗin nan, wannan kuwa ban taɓa jin ta ba. Na ce a raina ƙila iska ce ta shiga bututu.

Warin ne ya fara isowa. Bai zo gaba ɗaya ba, a hankali ya bi layi. Na ga hancin na farko ya motsa, sannan na kusa da shi. Dattijon ya ɗan tsaya a tsakiyar magana, ya ci gaba. Kowa ya sami abin kallo: wani silin, wani carbinsa, wani ya shiga karanta rubutun da ke jikin gorar ruwa. Babu wanda ya kalli wani, domin kowa yana tsoron a ce da wata manufa ya yi kallon. Wani daga cikinsu ya jawo haɓar rigarsa ya rufe baki, wai tari ne ya taso masa. Autana, ɗan shekara uku, yana zaune a gefena yana cin dabino, bai san hawa ba bai san sauka ba. Kawu ya nuna shi da sanda ya ce, "A kai yaron nan wajen uwarsa." Aka ɗauke shi yana kuka. Warin bai bi shi ba.

Daga nan kumfa ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofar kabad. Sabulun da ya rage a safar ya bi ruwa ya shiga sikima, ita kuwa aikinta ke nan yin kumfa, sai ta samu abin da take so. Kofin ya cika, murfin ya ɗaga, tsohon dattin da ke ciki ya biyo sabuwar kumfa ya malalo. Launinta ƙasa-ƙasa, ga ɗan ƙamshin furanni a sama-sama, wanda shi ya ƙara ɓata lamarin. Ina kallo ta taɓa gefen farar shaddar, ta hau, tana tafiya a nitse. Dattijon bai sani ba, yana cewa, "To shi ne muka ce bari mu zo da kanmu..."

Na ce, "Baba, don Allah ku ɗan gusa."

Ya ce, "A'a Alhaji, nan ma ya yi mini."

Na ce, "Baba, ku gusa dai."

Ya waiga. Ban taɓa ganin mutum mai shekarunsa ya miƙe da saurin nan ba.

Yanzu ku hasko ni. Waliyyin yarinya, babbar riga, hula zanna bukar, na durƙusa na cusa kaina cikin kabad, bayana yana fuskantar surukai. Ina laluben soket da hannu ɗaya, ina naɗe hannun riga da haƙori. Na kashe sikima, famfon da ke mayar da ruwa sama bai mutu ba, yana can yana tura ruwan sabulu wajen kifaye. Na miƙa in kashe shi, hulata ta faɗa cikin ƙaramin tankin, ta kife, ta fara zagayawa. Na fizgo safar na fito da ita, tana ɗiga, kumfa har gwiwar hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. Tire ɗin goro ne kawai a kusa. Na tsaya riƙe da ita a sama, a gaban dattawa tara, kamar mai gwanjo yana jiran tayi.

Falon ya yi tsit. Can wani daga cikin baƙin, bawan Allah mai son gyara zance, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, ta wace ƙafar ce?"

Na fara bayanin maikiron. Wallahi na fara. Na kai har wajen ƙurar hunturu kafin Kawu ya katse ni.

"Kai, ɗan nan, kifayen da ake wa wannan hidimar, duka-duka za su cika ludayi?"

Aka yi dariyar da aka daɗe ana dannewa, har da mai shadda.

Shi Kawu dama yana da ciwon tankin nan tun ranar da ya fara ganinsa. Yana da kududdufin siminti biyu a Kuje da yake kiwon tarwaɗa, kuma a wurinsa duk kifin da ba a yi masa farfesu ba asara ce. Tarwaɗarsa tana haɗiyar iska daga sama, don haka ko ruwan ya yi kore shar ba ta damu ba, shi ya sa yake ganin duk mai tace ruwa wa kifi ba shi da aikin yi. Ya taɓa tambayata ko murjanin yana 'ya'ya. Ya taɓa ɗanɗana ruwan da yatsa ya tofar a kan kafet ɗina. Da na sayi inbata don kada famfo ya tsaya idan an ɗauke wuta, ya zagaya dangi yana cewa kifi na kwana da lantarki, 'ya'yana na kwana da fifita, alhali fankar ɗakin yaran a kan inbatan take. Kuma mutumin nan, a bikin suna na bara, ya kawo mana tarwaɗa kyauta, bayan sati ya aiko da lissafi, har da kuɗin leda. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Yanzu labarin safa ya kai Kuje, ya kai Gwagwalada, kuma a bakinsa wai na zame na faɗa cikin ruwan. Ban faɗa ba. Hula ce.

Autana ma har yanzu ba wanda ya ba shi haƙuri.

An ƙarasa zaman a ƙarƙashin rumfar mota. Dattijon ya koma Zariya cikin jallabiyata, wadda ta tsaya masa a ƙwauri. Ni kuma na kwana ina canza ruwa, lita 60, gishiri sama da kilo biyu, na zuba gawayin tacewa a jaka don ya tsotse ragowar sabulun. Kifayen sun yi ta haki a saman ruwa zuwa tsakar dare, sannan suka koma harkarsu. Murjani ɗaya ya tsuke kansa bai buɗe ba tukuna. Mai bautar ƙasa ya ce shi dai ya ga abu da datti ne.

An sa rana bayan ƙaramar Sallah. Kafet yana wajen masu wanki, sun ce sai an ƙara kuɗi. Gishirina ya kusa ƙarewa, in akwai mai tahowa daga Legas cikin satin nan ya yi mini magana, bokiti ɗaya ne, ba shi da nauyi sosai.