Kafin a shimfiɗa tabarmar makoki

Ranar sadakar ukun Inna, ƙanwar mahaifiyata, layinmu a unguwar Agege ta Legas ya cika har sai da aka aro kujeru daga masallaci, kuma ina zaune ina ƙirga a zuci mutum nawa ne cikin waɗannan suka taɓa kwana ɗaya a ɗakinta a watanni goma sha huɗu da ta yi tana fama da sankarar mama. Ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ba zargi nake yi ba, domin ni ma ina cikin masu leƙawa ranar Lahadi da ledar lemo, a tambaye mu “ya mai jiki?”, mu ce “da sauƙi”, alhali kowa ya san babu sauƙin.

Mu Hausawa mun iya ta’aziyya, amma jinya mai tsawo ba mu iya raba nauyinta ba, kuma kusan kullum a kan mace ɗaya take faɗawa. A gidanmu autar Inna ce ta ɗauka. Ta rufe shagon ɗinkinta, ta koma tashi kafin asuba domin su shiga motar haya ta danfo zuwa asibiti kafin hanyar Oshodi ta cushe, ta koyi wanke gyambon da ya fashe da ruwan gishiri, ta koyi juya mahaifiyarta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya saluɓe. Idan baƙi za su shigo, sai ta riga su da kaskon turaren wuta, saboda Inna mace ce mai tsafta wadda warin ciwon ya fi ciwon kansa ƙona mata rai. Lokacin da kemo, maganin sankarar da ake ba ta a asibiti, ya zubar mata da gashi, yarinyar nan ce take tsince shi daga matashin kai kafin uwar ta farka ta gani.

Mun makara, kuma dole in faɗi haka. Da ƙullutun ya fito, manya suka ce daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa, aka shafe watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har ciwon ya kai ƙashin baya. Wannan magana ta binne mata da yawa, domin sankarar mama tana cikin waɗanda ake warkewa idan aka kama ta da wuri. Abin takaici, muna zaune ne a birnin da mutane ke barowa daga jihohi masu nisa domin samun na’urar da ake gasa ciwon daji da ita, musamman tun da aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a asibitin koyarwa na Idi-Araba a 2019, unguwar da ita ma cike take da Hausawa. Nisa bai hana mu ba. Tsoro ne ya hana mu, da kunyar a buɗe ƙirjin dattijuwa gaban likita, sai kuma kuɗi, wanda daga baya ya cinye filin da ta saya a gida da sarƙar da ta ajiye wa auren autar.

Ko da likita ya rubuta mofin a ƙarshe, sai da aka yi gardama, wasu na cewa allurar sallama ce. Ba haka ba ne. Magani ne na kashe raɗaɗi, kuma a kan ma’aunin da likita ya tsara, shi ya ba Inna damar yin barci da yin sallah da ishara ba tare da kuka ba. Wadda ta tsaya kai da fata sai an ba ta, ita ce wadda take jin nishin da ƙarfe biyun dare, ba masu ba da shawara ta waya ba.

Bayan an kai ta makwanci, gaisuwar duk ta tafi wurin maza a ƙofar gida, ana “ya haƙuri?”, ana “Allah ya sa ta huta”. Ita kuwa mai jinyar tana bayan gida tana wanke tukwanen baƙi. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ana lallaɓa ta. ’Yar da ta yi shekara tana ɗauke da uwarta ba ta da wani suna a al’adarmu, ana sa ran gobe ta buɗe shago. Da na ce za mu haɗa mata kuɗin haya, wani kawunmu ya ce ai lada ta samu. Ta samu, in sha Allahu, amma mai gidan haya a Legas ba ya karɓar lada.

Bayan arba’in na same ta zaune a bakin gadon da babu kowa. Ta ce, “Yaya, daren da Inna ta cika na yi barci har rana ta fito, kuma na ji daɗin barcin. Anya ba laifi na yi ba?” Na ce mata ba ta yi ba, gajiya ce ta ɗan Adam. Har yanzu ƙararrawar wayarta tana bugawa duk bayan awa biyu, ta ce ta kasa kashewa.