Duk Ta Inda Ka Bi, Sha Biyar

(Teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, Katsina, bayan sallar Isha'i. Ɗan Boko, wanda ya gama digirin lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa har ya yi bautar ƙasa, ya zabga tagumi.)

Mai Shayi: Furofesa, shayinka ya huce. Ko an ce ka turo magabata ne?

Ɗan Boko: Ina ma shi ne. Digiri na biyu zan yi, na rasa inda zan dosa. Zariya, Kano, ko in tsallaka waje.

Bazazzagi: Har wannan abin tagumi ne? Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take nan daram a Samaru. Farfesa Iya Abubakar da ya yo dakta a Kambirij, ina ya riƙe sashen lissafi, ina ya zama shugaban jami'a? Ita kanta Bayero ai a goyonmu ta girma.

Bakano: Goyo ya sauka ya fi uwar goyo jari. Yaro, taho Kano. Da safe kana aji, da yamma kana Kantin Kwari kana riƙe mini littafin bashi. Wane irin lissafi ma za ka karanta?

Ɗan Boko: Aljebra, Alhaji. Lissafi ne zalla, lambobi ma ba su cika fitowa ba, yawanci haruffa ne.

Bakano: Lissafi ba lamba? To ribar da me ake ƙirga ta?

Ɗan Boko: Ba a riba. Hujja ake kafawa cewa abu kaza gaskiya ne.

Bakano: Shekara biyu kana kafa hujja? Mu a kasuwa rantsuwa ɗaya ta wadatar.

Bazazzagi: Ita ma rantsuwar taku sai an yi mata ragi.

Ɗan Boko: Ku bar batun sunan jami'a. Abin dubawa shi ne malamin da zai duba aikina. In fanninsa daban, nawa daban, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In kuma ɗalibai sun yi masa yawa, babi ɗaya sai ya shekara a kan teburinsa.

Mai Shayi: Ashe neman aure ne. Ba ƙofar gida ake kallo ba, halin suruki ake bincike.

Ɗan Boko: Ka gane ke nan. Sai ka tambayi waɗanda suka gama a hannunsa, shekara nawa suka yi. Sannan ga batun kuɗi. Akwai cibiyar koyar da lissafi ta AIMS, tana Afirka ta Kudu da Sanagal da Gana da Kamaru da Ruwanda. In sun ɗauke ka, karatu da ci da kwana duk a kansu.

Bakano: Kyauta? Babu kyauta a duniya, yaro. Ka binciki abin da suke saye a jikinka.

Ɗan Boko: Akwai kuma cibiyar kimiyya da masani Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964. Difloma ce ta shekara guda, daga nan mutum ya nemi dakta.

Bakano: Italiya? To wannan je ka. Ƙafata arba'in da uku, baƙi, mai igiya.

(Alaramma, da tun ɗazu yake jan carbi a ƙarshen benci, ya yi gyaran murya.)

Alaramma: Kai ɗan nan, Bakatsine ne kai kuwa?

Ɗan Boko: Gaba da baya, Allah gafarta Malam.

Alaramma: Shi ne ka zauna baƙi suna yi maka gorin lissafi? Malam Muhammadu al-Kashinawi ɗan garin nan ne. A 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Lokacin ina Samaru, ina Kwari?

Bazazzagi: To shi ma ai barin garin ya yi.

Alaramma: Hajji ya tafi! Miƙo takardar burodin nan.

(Ya zana gida tara. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6.)

Alaramma: Layin sama Zariya, na tsakiya Kano, na ƙasa ƙasar waje. Tara kowanne.

Ɗan Boko: Sha biyar. Sha biyar. Wannan ma sha biyar.

Alaramma: Bi ta tsaye. Bi ta kusurwa.

Ɗan Boko: Duk sha biyar ne, Malam. To wanne zan zaɓa?

Alaramma: Ni na kafa hujja. Zaɓi kuma sai an kawo sadaka.

Mai Shayi: Allahu Akbar! Malam, wallahi hatiminka ya ci. Furofesa, ga littafina. Na bi ta shayi, na bi ta burodi, na bi ta Indomie da ƙwai. Duk ta inda na bi, dubu sha biyar nake bin ka.

Ɗan Boko: Haba Kawu, bari in sake lissafawa.

Mai Shayi: A'a. Naka na haruffa ne. Wannan da lamba ake biyan sa.