Motar da ba ta yawan fita ma sai da inshora

A ƙauyukanmu na Jigawa akwai masu motar da sai ranar Alhamis ake tayar da ita a je kasuwar Maigatari, ko a kai mara lafiya asibiti. Sauran kwanaki tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a gindinta. Wasu sun ji labarin inshorar da ake biya gwargwadon tafiya, sai suka ɗauka mai irin wannan mota ba ya biyan ko sisi. Ba haka ba ne.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, inda ake amfani da tsarin, kuɗin kashi biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi da kake biya ko motar ba ta motsa ba, domin ana iya sace ta ko wuta ta kama ta a inda take. Sannan a ɗora wani ɗan abu kan kowane mil, wanda wata 'yar na'ura da ake maƙala wa motar ke ƙirgawa. Sauƙi ne ga mai ƙarancin tafiya, amma ga direban haya asara ce.

Mu nan kuwa doka ba ruwanta da yawan fitarka. Da zarar tayarka ta taka titi, dole ka riƙe inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta sa kuɗin wannan inshora Naira 15,000 a shekara ga motar gida, inshorar kuma tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Gyaran taka motar dai daga aljihunka zai fito.